Kafin Ka Rufe Manhajar Lissafi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Adana Bayanan Kuɗi

Da yawa daga mutanenmu na Makka, Jidda da Madina sun ajiye littafi da biro, sun koma kwamfuta da waya wajen lissafin kuɗi. Cefanen gida, kuɗin haya, kuɗin wuta, abin da ake turawa Kano ko Damagaram duk wata, adashen matan unguwa, har da amanar da alhazai kan bari a hannun mutum lokacin Hajji da Umara, duk suna cikin fayil guda. Ci gaba ne, amma ya zo da haɗarin da littafi ba shi da shi: sai ka rubuta abu, ka gan shi da idonka a fuskar kwamfuta, ka rufe, gobe ka buɗe ka tarar babu. Na tattara tambayoyin da aka fi yi a kan wannan. Burina kowa ya san halin manhajar da ke hannunsa a lokacin rufewa, domin ba duka suke aiki iri ɗaya ba, kuma kuɗin da ke rubuce a ciki sau da yawa ba na mutum ɗaya ba ne.

Idan na danna alamar X na rufe manhaja, abin da na shigar yana nan?

Ya danganta da manhajar, kuma kashi biyu ne.

Kashi na farko suna riƙe aikinka a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, wadda ake kira RAM, ba sa rubuta shi a rumbun ajiya sai ka ba da umarni. Kamar rubutun allo ne kafin a kwafe shi cikin littafi: yana nan ɓaro-ɓaro, amma da ruwa ya taɓa shi, shi ke nan. Ita RAM da wuta ta yanke take manta komai. Excel yana cikin wannan kashi, haka manhajojin lissafin kuɗi irin su HomeBank, da GnuCash idan ka bar shi a tsarinsa na asali, wanda ke ajiye lissafi a fayil irin na XML. Waɗannan yawanci sai ka danna Save, ko Ctrl da S tare, kafin aikinka ya zauna.

Kashi na biyu suna rubuta kowane ciniki a rumbu da zarar ka gama shigar da shi. Money Manager Ex haka yake, Quicken haka yake, yawancin manhajojin waya haka suke, shi ma GnuCash yana komawa haka idan ka zaɓi ajiye fayil ɗinka a ɗayan tsarinsa da ake kira SQLite, har ma za ka ga maɓallin Save ɗinsa ya dushe ba ya dannuwa. Masu irin wannan sukan saki jiki, amma akwai tarko biyu. Layin da ka fara cikewa ba ka danna Enter ba bai shiga ba tukuna, ko da kana ganin adadin a gabanka. Na biyun ya fi muni: kuskure ma nan take yake zama. Idan yaro ya goge asusu guda, ko hannunka ya zame ka share cinikin wata uku, babu zancen rufewa ba tare da adanawa ba don ka koma yadda kake da safe. An riga an rubuta.

Ta yaya zan gane a wane kashi tawa take?

Gwada ta. Shigar da ciniki na ƙarya na riyal 1, kada ka danna komai bayan Enter, sai ka rufe. Idan ta tsayar da kai da tambaya, kashi na farko ce. Idan ta rufe shiru kuma ka sake buɗewa ka tarar da riyal ɗin, kashi na biyu ce. Goge shi bayan nan. Wasu manhajojin suna sa ƙaramar alamar tauraro kusa da sunan fayil a sama, ma'ana akwai abin da ba a adana ba.

Ana kiran salla nake kife murfin laftof in tafi masallaci. Akwai matsala?

Alhaji, wannan ita ce al'adar kusan kowa a nan, kuma ba na ganin laifin mai gaggawar samun jam'i. Sai dai kife murfi ba rufe manhaja ba ne. Kwamfutar barci kawai take yi, aikinka na nan a RAM, batir ne ke riƙe da shi. Tsakanin Magariba da Isha yawanci babu abin da zai faru. Amma mu faɗi gaskiya, sau nawa ake cewa za a dawo bayan salla sai baƙi su zo, ko a wuce Harami, laftof ya kwana a jaka? Idan batir ya tsufa yana iya mutuwa kafin Windows ta kwashe abin da ke RAM zuwa rumbu. Wani lokacin kuma Windows ce da kanta za ta sake kunna kwamfutar cikin dare don ta kammala sabuntawa, ta rufe duk abin da ke buɗe.

Ga kuma zafi. Kamfanin Apple ya ƙayyade wa laftof ɗinsa aiki tsakanin digiri 10 zuwa 35, sauran ma ba su yi nisa da haka ba. Makka kuwa da rani tana haura 45, a Hajjin 2024 an auna 51.8 a Masallacin Harami. Laftof ɗin da ya farka cikin jaka a bayan mota zai yi zafi ya kashe kansa.

Abin yi bai kai tsawon iƙamar salla ba: danna Enter ka kammala layin da kake kai, danna Ctrl da S, sannan ka kife. Idan ka san ba yanzu za ka dawo ba, rufe manhajar gaba ɗaya.

Akwatin nan da ke fitowa da zaɓi uku, wanne zan danna?

Save yana adanawa ya rufe. Don't Save yana rufewa ya zubar da duk abin da ka yi tun adanawar ƙarshe. Cancel yana fasa rufewar ya mayar da kai cikin aikinka. Idan kwamfutarka da Larabci take, su ne hifz, adamul hifz da ilga. Ka lura a Windows ta Larabci jerin maɓallan daga dama yake farawa, don haka wanda hannunsa ya saba da ta Turanci yana iya danna wurin da ya saba ya faɗa kan wani daban. Karanta kafin ka danna.

Idan akwatin ya fito alhali kai dubawa kawai ka yi, ba ka san ka canza komai ba, danna Cancel ka duba tukuna. A Excel wani lokaci lissafin kwanan wata ne ya sabunta kansa, ba komai. Wani lokaci kuwa gwiwar hannu ce ta taɓa madannai ta maye gurbin 4,500 da harafi guda.

Manhajar ta maƙale, ba ta motsi. In kashe kwamfutar da ƙarfi?

A'a, ba yanzu ba. Da farko ɗauki waya ka ɗauki hoton fuskar kwamfutar, ko ba komai ka tsira da layukan ƙarshe. Sannan ka ba ta mintuna. Sau da yawa tana tsakiyar rubuta fayil ne, kuma katse ta a wannan lokacin shi ne ke barin fayil rabi sabo rabi tsoho, wanda ba ya buɗuwa kwata-kwata. Rasa cinikin yau ya fi sauƙi a kan lalata na shekara biyar. Idan ta ƙi dawowa, rufe ita kaɗai ta Task Manager, wato wurin da Windows ke jera manhajojin da ke aiki. Danne maɓallin wuta har kwamfuta ta mutu shi ne zaɓi na ƙarshe.

An riga an yi: kwamfuta ta mutu ina tsakiyar aiki. Daga ina zan fara?

Kafin ka buɗe komai, kwafi foldar lissafin gaba ɗayanta zuwa wani wuri. Duk gyaran da za ka gwada, kana da asalin a gefe.

Idan Excel ne, yana ajiye kwafin ceto kowane minti 10 a tsarinsa na asali. Da ka buɗe zai nuna maka shi a gefe, ka duba lokacin da ke jikinsa, ka adana shi da sabon suna. Idan ma fayil ne da ba ka taɓa ba shi suna ba, duba Recover Unsaved Workbooks, amma 'yan kwanaki kawai yake zama a can.

Idan GnuCash ne, zai ce maka ya kasa samun makullin fayil. Kada hankalinka ya tashi. Duk lokacin da ya buɗe lissafi yana ajiye ƙaramin fayil mai ƙarewa da .LCK don kada a buɗe sau biyu, ya cire shi idan an rufe lafiya. Mutuwar kwamfuta ce ta hana shi cirewa. In ka tabbata babu wani da ya buɗe fayil ɗin a wata kwamfuta, zaɓi Open Anyway. Yana kuma rubuta abin da kake shigarwa a wani fayil mai ƙarewa da .log, wanda ake iya maido da cinikin da ya ɓace daga cikinsa ta File, Import, Replay.

Bayan nan sai zaman cike giɓi, kuma a nan ne za ka gane wane bayani ne mai tsada. Abin da ya bi ta banki ba ya ɓata: duk sayayya da katin banki na mada tana da saƙo a waya, kuɗin wuta da ka biya ta tsarin biyan kuɗi na SADAD yana nan, manhajar Al Rajhi ko ta Al Ahli za ta ba ka jerin shiga da fita. Abin da ba shi da shaida a ko'ina shi ne tsabar kuɗi hannu da hannu. Zubin adashe da wata ta aiko yaro da shi. Riyal 2,000 da wani alhaji ya ba ka ajiya a Mina. Farashin canjin da aka yi maka ranar da ka tura kuɗi gida. Riyal dai a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986, amma naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 farashinta yake hawa da sauka, ba za ka iya tuna na wata uku baya da ka ba. Shi ya sa nake cewa irin waɗannan a adana su a take, tun mai kuɗin bai bar wurin ba, ba sai an zo rufewa da dare ba.

Foldata ta cika da fayiloli masu dogayen lambobi. In goge su?

Idan GnuCash ne, waɗannan su ne kwafin da yake yi duk lokacin da ka adana, lambobin kuma shekara, wata, rana da lokaci ne. Da kansa yake share waɗanda suka wuce kwana 30, sai in ka canza. Bar su. Abin kiyayewa shi ne kada ka buɗe ɗaya daga cikinsu bisa kuskure ka ci gaba da aiki a kai, domin manhajar fayil na ƙarshe da aka buɗe take komawa, sai lissafinka ya rabu gida biyu ba ka sani ba. Riƙa duba sunan da ke sama.

Idan kuma ka ga fayil mai ƙarewa da -journal ko -wal kusa da na lissafinka bayan kwamfuta ta mutu, kada ka taɓa shi. Da shi manhajar za ta gyara rubutun da ya katse idan ka sake buɗe ta.

Tunda tawa tana adanawa da kanta, me zan yi da kwafin ajiya kuma?

Wannan ce tambayar da na fi so a fahimta. Adanawa tana kare ka daga yankewar wuta ne kawai. Ba ta kare ka daga mutuwar rumbu, ko sata, ko shayin da ya zube a kan madannai, ko manhajar 'yan damfara da ke kulle fayiloli a nemi fansa, ko kuskuren hannunka. Duk waɗannan fayil ɗaya suke samu, kuma idan shi kaɗai gare ka, magana ta ƙare. Har kwafin da manhaja ke yi da kanta, in a folda ɗaya yake da asalin, tare za su tafi.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen gidan. A aikace: asalin a kwamfuta, kwafi a filash ko rumbun waje, kwafi a ma'ajiyar intanet ko gidan ɗan'uwa. Ga mai zama a ɗakin haya a Misfala ko Hindawiyya, inda ake iya tashin mutum ya sake gida cikin gaggawa, na ukun ba ƙawa ba ne. Wanda ya ga yadda aka rushe tsofaffin unguwannin Jidda irin su Sabil da Karantina ya san yadda kaya ke watsewa a lokacin ƙaura.

Lokacin rufewa shi ne mafi dacewa da yin kwafin, saboda dalili na fasaha: fayil ɗin da manhaja ke riƙe da shi a buɗe yana iya kwafuwa ba cikakke ba, musamman irin na SQLite. Rufe tukuna, sannan ka kwafa. Money Manager Ex yana da zaɓin yin kwafi duk lokacin buɗewa ko rufewa, shiga saitinsa ka kunna. Quicken yana tunatar da kai yin kwafi a lokacin fita, kada ka riƙa kore tunatarwar. Shi kuwa GnuCash a tsarin SQLite ba ya yi maka kwafin nan masu kwanan wata, nauyin a kanka yake.

Kuma ka gwada kwafin. Lokaci-lokaci buɗe shi, ka ga ya buɗu, ka ga jimillar ta dace, ka rufe ba tare da canza komai ba. Kada ranar da kake buƙatarsa ta zama ranar farko da ka buɗe shi.

Zan iya ajiye fayil ɗin a filash in riƙa aiki daga nan kai tsaye?

Ban ba da wannan shawara ba. Filash na iya motsawa a ramin ya katse ana tsakiyar rubutu. Yi aiki a kwamfuta, filash ya zama wurin kwafi. Tun sabuntawar Windows 10 ta ƙarshen 2018 an saita filash yadda za a iya zare shi da sauri, amma wannan bai shafi lokacin da ake kan rubutu ba, don haka rufe manhaja, danna Eject, jira saƙo, sannan ka zare. Ka guji filash mai arha da aka rubuta masa girman da bai dace da kuɗinsa ba. Akwai na jabu da ke nuna sun karɓi fayil alhali sun murƙushe na baya. Kada kuma ka bar shi a aljihun mota.

Ni ina Jidda, ƙanena yana Kano, muna so mu riƙa shigar da lissafi a fayil ɗaya ta Google Drive. Zai yiwu?

Zai yiwu, amma ba a lokaci ɗaya ba. Manhajojin lissafin gida na kwamfuta an gina su ne don mutum ɗaya. Idan kai da shi kuka buɗe tare, wanda ya adana a ƙarshe zai danne aikin ɗayan, ko ma'ajiyar ta haifar da fayil biyu masu saɓani, ku zauna kuna tantance wanne ne wanne. Kamfanin Quicken ma da kansa yana gargaɗi kada a ajiye fayil ɗin da ake aiki da shi a folda irin ta Dropbox ko OneDrive.

In dole ne, ku yi ƙa'ida: wanda ya gama ya rufe manhaja, ya jira alamar da ke nuna fayil ya gama hawa, sannan ya turo saƙo cewa ya fita. Jiran nan shi ne abin da ake tsallakewa. Mutum ya rufe manhaja ya kashe kwamfuta nan take, sabon fayil bai hau ba, ɗan'uwansa ya buɗe tsoho ya ɗora a kai. Intanet ɗin can ba kamar na nan ba ne, ka ba shi uzuri. Ku tuna kuma agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, kada lokacin da ke jikin fayil ya ruɗe ku.

A ganina, ga mutum biyu a ƙasa biyu, Google Sheets ya fi dacewa, domin don aikin tare aka yi shi, yana adana kowane canji, yana kuma nuna wanda ya canza me. Sai dai ku riƙa sauke kwafi duk wata.

Abu ɗaya kuma: folda mai daidaita kanta da intanet ba kwafin ajiya ba ce cikakkiya. Idan ka goge a nan, ta goge a can. Tsofaffin kwafi da kwandon shara yawanci kwana 30 suke yi.

Ni a waya nake rubuta adashenmu. Idan na share manhajar daga jerin waɗanda ke buɗe, zai ɓata?

Hajiya, in kin danna alamar kammalawa bayan kin shigar da zubin, ba zai ɓata ba. Haɗarin waya a wani wuri yake. Manhajoji da yawa a cikin wayar kaɗai suke ajiye bayanai. Ranar da aka cire manhajar, ko wani ya ce zai rage miki nauyin waya ya danna Clear data, ko wayar ta faɗi a cunkoson ɗawafi, lissafin ya tafi. Clear cache ba ya taɓa lissafi, Clear data ne ke shafe shi, kuma maƙwabtan juna ne a saiti. Shiga manhajar ki nemi wurin kwafin ajiya, ki haɗa shi da Google Drive ko iCloud, ki duba kwanan watan kwafi na ƙarshe da idonki. Google na ba da gigabait 15 kyauta, iCloud 5, lissafin adashe kuwa ko kusa ba zai cinye su ba.

Tunda kuɗin jama'a ne, duk ranar kwasa ki ɗauki hoton jerin ki tura wa 'yan adashen. Kowa ya zama shaida, kowa kuma ya zama ma'aji.

Zan koma gida gaba ɗaya. Akwai abin da zan yi kafin in tashi?

Akwai, kuma mutane da yawa sai sun sauka Kano suke tunawa. Layin waya a Saudiyya da iƙama (katin zama) ko katin ɗan ƙasa ake yi masa rajista, wanda ya fita fitar ƙarshe layinsa ba zai daɗe ba. Idan lambar tabbatarwa ta Google ko ta manhajar lissafinka a wannan layin take zuwa, kwafinka na nan a intanet amma ƙofa ta rufe. Kafin tafiya ƙara lambar gida a asusun, ka sauke lambobin ceto guda 10 da Google ke bayarwa ka rubuta su a takarda. Sauke bayanan asusun bankinka tun manhajar bankin tana buɗe maka. Ka sani kuma tun Disambar 2023 Google na iya goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba.

Ya kamata in sa kalmar sirri?

Ya kamata, musamman ga kwafin da zai bar hannunka. GnuCash ba shi da kalmar sirri tasa, duk wanda ya samu fayil ɗin zai karanta. Money Manager Ex yana iya rufe fayil da sirri. A Excel akwai bambanci tsakanin kulle shafi don kada a canza, wanda ba ya ɓoye komai, da kulle fayil ɗin kansa ta Encrypt with Password. Na biyun ne tsaro, kuma idan ka manta kalmar babu mai buɗe maka, har Microsoft. Manhajar 7-Zip kyauta ce, tana dunƙule folda ta kulle ta da tsarin ɓoye bayanai na AES-256.

Amma akwai abin da ya fi ɓarawo kusa da mu, wato rasuwa. Mutum ya tafi da kalmar sirri a kansa, magada ba su san wa ke binsa ba, ba su san wa yake bi ba, masu amana suna zuwa ba a san na wa nawa ba ne. Rubuta kalmar a takarda, rufe a ambulan, ba wa wanda ka amince da shi ko ka haɗa da wasiyyarka. Jerin basussuka da amanoni kuwa a buga shi a takarda duk bayan 'yan watanni, a sa kwanan wata.

Wane suna zan riƙa ba kwafin, kuma da wace kalanda?

Shekara, wata, rana, da Miladiyya: lissafi-2025-03-14. Haka za su jeru da kansu, na ƙarshe a ƙasa. Sunaye irin “sabo” da “sabo na ƙarshe” ba sa gaya maka komai bayan wata shida. Manhajojin da na ambata da Miladiyya suke lissafi, kuma tun 2016 ita ma gwamnatin Saudiyya da ita take biyan albashi. Idan yarjejeniyarka da wani da Hijira ce, rubuta kwanan watan Hijira a gurbin bayani. Ka lura Windows da aka saita a yankin Saudiyya na iya nuna kalandar Ummul Ƙura, fayilolin da suka fito daga manhajar Amurka kuma wata suke sawa kafin rana, sai 03/04 ta zama 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu. Duk lokacin da ka shigo da bayanai daga waje, yi kwafi tukuna, ka duba layuka kaɗan kafin ka adana.

Akwai kwafi guda da nake so kowa ya keɓe: na ranar da shekarar zakkarsa ta cika. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka ranar tana matsowa duk shekara, manhaja kuma ba za ta tuna maka ba. A ranar, daidaita lissafi, rufe, yi kwafi da sunan shekarar Hijira, kada ka sake taɓa shi. Da shi za ka san abin da ka fitar da kashi 2.5 a kansa.

Idan kamfanin da ya yi manhajar ya daina fa?

Yana faruwa. Microsoft ya daina sayar da Microsoft Money a 2009. Kamfanin Intuit ya rufe manhajarsa ta Mint a watan Maris na 2024, kuma da yake a intanet take aiki, wanda bai sauke bayanansa ba babu abin da ya rage a kwamfutarsa. Ita kanta Windows 10 an daina tallafa mata ranar 14 ga Oktoban 2025. Don haka ban da kwafi a tsarin manhajar, riƙa fitar da bayananka a tsarin da kowace manhaja ke karantawa, CSV ko QIF, da kuma rahoton shekara a PDF.

Na fitar da CSV, sunayen Larabci da haruffanmu masu lanƙwasa sun koma alamun tambaya.

Zaɓi CSV UTF-8 wajen adanawa, shi ne ke riƙe Larabci da ƙ, ɗ, ɓ. CSV shafi ɗaya kawai yake ɗauka, kuma sakamakon lissafi yake ajiyewa, ba dabarar lissafin ba, saboda haka kada ya maye gurbin fayil ɗinka na asali. Sannan idan ka buɗe shi a Excel, sifilin farko na lamba yana faɗuwa. Lambar waya mai farawa da 05 da lambar asusun bankin Najeriya mai lamba 10 da ta fara da sifili duk za su gurgunce, in ka adana a haka kuwa sun zauna. Buɗe don dubawa, rufe da Don't Save.

Ina da shago mai rajista. Manhajar lissafin gida ta ishe ni?

Don sanin riba da asara ta isa, don hukuma ba ta isa ba. Harajin VAT ya fara a Janairun 2018 da kashi 5, ya koma 15 daga 1 ga Yulin 2020, rajista kuma wajibi ce ga wanda cinikinsa na shekara ya haura riyal 375,000. Tun 4 ga Disambar 2021 hukumar zakka da haraji ta ZATCA ta wajabta fatura, wato takardar ciniki, ta lantarki ga masu rajista, kuma wannan sai da manhajar da ta cika sharuɗɗanta. Doka ta ce a riƙe takardun haraji aƙalla shekara shida, wato kwafin da ke share kansa bayan kwana 30 ba zai fitar da kai ba. Raba lissafin shago da na gida, kowane da fayil ɗinsa, ka zauna da akanta a kan sauran.

Zan kai kwamfutar wurin mai gyara. Me zan yi tukuna?

In tana kunnuwa, buɗe manhajar, adana, rufe, kwafi foldar zuwa wuri biyu, ka buɗe kwafin a wata kwamfuta ka tabbatar. Nemo inda fayil ɗin yake na gaskiya, domin alamar da ke fuskar kwamfuta sau da yawa hanya ce kawai zuwa gare shi, kwafe ta ba ya kwafe komai. Sannan ka cire lissafin daga kwamfutar ko ka kulle shi, ka fita daga asusunka na Google da na Microsoft. Gaya wa mai gyara a fili kada ya sake zuba Windows sai ya kira ka. Idan rumbunka a kulle yake da BitLocker, wato makullin rumbu na Windows, nemo lambar cetonsa mai lamba 48 a asusunka na Microsoft kafin ka miƙa, domin canza wasu kayan ciki na sa kwamfuta ta nemi ita.

In kuma ba ta kunnuwa kuma ba ka da kwafi, ce masa ya fara ciro rumbun ya kwafe maka foldar a gabanka, kafin ya taɓa wani abu.